Tukunyar Mola Ikome

Bokwango, Buea
Watan Yuni

Zuwa ga ƙanena Efome,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Sarafin da yara. Mu nan ƙalau muke, in ka ɗauke gwiwata ta hagu da take ƙara duk sa'ad da ruwa ya sauko, kuma ka san ruwan Bokwango ba ya hutu.

In ka manta da ni, ni ce Namondo, wadda kakarta da kakanka suka sha nono ɗaya. Ni ce na miƙa maka kujera ranar jana'izar ubanka Mola Ikome, ka zauna ta karye. Amma ba maganar kujera ce ta sa na rubuto ba.

Dattawa sun zauna a gidan babbansu Mola Tande, sun tsayar da ƙarshen Janairu a kai tukunyar ubanka kogon mafarauta. Ka san al'adar gidanmu, amma tunda ka daɗe kana shan iskar fanka a ofishin katako, bari in tuna maka. In maharbi ya mutu, ɗansa ne yake goya tukunyarsa ta ƙarfe ya hau dutsen Fako da ita, har kogon da ke inda daji ya ƙare ciyawa ta fara. Babu ɗan dako, babu mai karɓa masa. A can zai dafa gwaza da nama kowa ya ci, sannan a kife ta kusa da na kakanni. Wanda ya yi haka shi ke da gona. In ɗa ya kasa, gona ta koma hannun ɗan ƙanen mamaci.

Ɗan ƙanen mamaci kuwa Kinge ne. Tuni ya kawo wani mai otal daga Limbe, sun zaga gonar da takalmansu masu ƙyalli, suka tattake mini gwaza. Da na yi magana sai ya ce, "Iya, ki kwantar da hankalinki. Efome ko matakalar coci ya hau sai an yi masa fifita."

Haushina shi ne gaskiya ya faɗa. Tun da mijina ya rasu ubanka ya ce in zauna a gonar nan in noma in ci. Ɗakina a nan yake, agadena a nan, kuma ba ni da wani wurin. Ka ga yanzu rufin asirina ya rataya a tumbinka, abin da ban taɓa roƙon Allah ya nuna mini ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara rage cin nan tun yau. Tukunyar tana wurinka tun da tsoho ya tafi da ita Bertoua jinya, ina fata Sarafin ba ta shuka fure a ciki ba.

Ni ce yayarka,
Namondo

*

Bertoua
Watan Yuli

Iya Namondo,

Ina gaishe ki, ina yi wa gwiwarki sannu. Mu lafiya lau, sai dai likita ya ce jinina ya ɗan hau, abin da ke samun duk mai aiki da ƙwaƙwalwa. Wasiƙarki ta iso tana warin hayaƙi, har sakatariyata ta buɗe taga.

Na yi dariya, na kuma yi takaici. Duniya ta kai inda ta kai, mu har yanzu da tukunya muke rabon gado! Da gonar tana da takarda, da lauya zan aiko wa Mola Tande maimakon amsa. Amma ba zan bari Kinge, wanda ba ya iya rubuta sunansa sai ya fito da harshe, ya sayar da ƙasar da kabarin uwata yake ciki ba. Zan hau. Sai dai zan hau da ilimi, ba irin hawan jakai da kuke yi ba.

Akwai wani Bature injiniya a kamfaninmu, Musiyo Bernar, wanda a ƙasarsu hawan duwatsu ne hutunsa. Da na ba shi labari ya shafa gemu ya ce, "Efome, kaya biyu gare ka, na baya da na gaba. Dutse ba ya bambanta su, duka zai caje ka." Ya ce abin da ka ɗauka a ƙasa kamar wasa, a sama ninki uku yake komawa.

Mun kai tukunyar kan sikelin kamfani. Kilo goma sha ɗaya da murfinta! Leburori suka taru suna kallo, ɗaya ya ce, "Oga, giwa za a dafa?" Daga nan na hau sikelin da kaina. Ba zan faɗa miki abin da ya nuna ba, don na san kafin la'asar zai kai kasuwar Muea.

Na daina giya, na daina soyayyen abu, na daina tuwon rogo da dare. Kullum da asuba ina zaga filin ƙwallo. Sarafin ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganin gumi a jikina ba sai bana.

Ga abin da nake shirin tahowa da shi, ki gaya mini in akwai abin da na manta: tanti, katifar iska, rediyo, kyamara, fulas ɗin shayi, takalma ƙafa biyu, da kwat ɗaya saboda hoto.

Naki,
Efome

*

Bokwango
Watan Agusta

Mola Efome mai ilimi,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa da sauƙi, na ɗaura mata ganye. Ka gai da sakatariyarka, ka ce mata hayaƙin nan shi ya dafa abincin da ubanka ya ci ya biya maka makaranta.

Na kai wasiƙarka wurin matan da muke gurza gwaza tare na karanta musu, saboda mun kwana biyu ba mu yi dariya ba. Da na zo kan kwat, Iya Eposi ta shaƙe da ruwa sai da muka bubbuga mata baya. Ta ce, "Ku tambaye shi, ko zai taho da sakatariyar ma ta riƙe masa laima?"

Katifar iska! A Fako iska kyauta ce, za ta ishe ka har ka roƙi a rage. Rediyo kuma wa zai saurara, birai? Ni na hau dutsen nan da cikin 'yata Liengu wata shida, da zane biyu da ƙunshin kwakoko, alalen gwazar nan namu, na sauko da itace a ka. Abin da ya kai Bature ya shafa gemu kafin ya gano, kowace yarinya a nan ta san shi tun ba ta yi wayo ba.

To ka ji dokar, kuma ka riƙe ta da kyau tunda kai mai son doka ne. Duk abin da za ka sa a baya ka tambaye shi: kana tafasa ruwa? Kana rufe jiki? In ya ce a'a, ka yar da shi, ko na wane ne, ko nawa aka saye shi. Kada ka ji tausayin komai.

Maganar zaga filin ƙwallo kuma, fili shimfiɗe yake kamar tabarma. Ka nemi tudu, ka goya tukunyar, ka hau ka sauka har bayanka ya san ta.

Kinge ya sake zuwa, wannan karon da igiyar awo. Na watsa masa ruwan wanke-wanke a ƙafa na ce ban gan shi ba. Ka rubuto da wuri in san inda aka kwana.

Namondo

*

Bertoua
Watan Oktoba

Iya Namondo,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, aiki ne ya yi yawa. Lafiyata kuwa, da kin gan ni da ba ki gane ni ba. Na huda wa bel ɗina sababbin ramuka har sun kusa zagayowa. Maƙwabta sun fara yi wa Sarafin jaje a ɓoye, suna zaton wani mugun ciwo ne ya kama ni. Likita ya ce jinin ya sauka. Ki gaya wa Iya Eposi ta tanadi ruwan da za ta shaƙe da shi karo na biyu.

Dokarki, ko da yake daga bakin murhu ta fito, Musiyo Bernar ya ce daidai take da abin da ke cikin littattafansu. Na yi mamaki ƙwarai. Tanti ya tafi, katifa ta tafi, rediyo da fulas da kwat duk sun tafi. Ya ba ni aron wata jakar goyo wadda in kin ɗaga kamar kin ɗaga ganyen ayaba. Ban tsaya nan ba, domin mai ilimi in ya kama doka har ƙarshenta yake bi. Na yanke wa buroshina rabin mariƙi. Na gutsure wutsiyar cokali. Na cire aljihunan wando. Sarafin ta same ni ina yanke wa tawul gefe, ta ce, "Baban Ndive, ko kunnuwanka za mu rage? Su ma ba sa jin magana."

Saura babbar matsala. Goyon tukunyar a tudu da kika ce, na gwada sau ɗaya, ƙafafunta suka caccake mini baya, na yi mako ina kwana rubda ciki. Sai na zaunar da ita a gabana na yi mata tambayarki. Ƙafafu suna tafasa ruwa? A'a. Kunnuwa suna tafasa ruwa? A'a. Murfi? Ganyen ayaba zai yi aikinsa. Kaurin gindin nan kuma, wanda ya isa a yi garma biyu, ɓarnar ƙarfe ce kawai ta maƙeran da.

Akwai wani mai walda a bayan tasha da ke da injin gurza ƙarfe. Ya duba ya ce zai iya mayar da ita rabin nauyinta. Mako mai zuwa zan kai masa. Kin ce kada in ji tausayin komai, ko na wane ne. Kakanninmu sun yi ta dakon ƙarfen banza shekara da shekaru don babu wanda ya zauna ya yi tunani.

Sai mun haɗu a Janairu.

Efome

*

Bokwango
Watan Disamba

Efome,

Muna lafiya. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa.

Yau wasiƙarka ta Oktoba ta zo hannuna. Direban ya ce gada ta karye a hanyarku, daga baya kuma ya manta da ita a ƙarƙashin kujera, ga ta nan duk baƙin mai. Na karanta a tsaye, sai da na nemi turmi na zauna.

Kada ka taɓa tukunyar nan! In ka kai ta, ka je ka karɓo. In ya fara yanka, ka tsayar da shi, ka tattaro duk abin da ya faɗi ƙasa. Kai wane irin mutum ne? Na ce ka yar da tarkacenka, tarkacenKA, rediyo da kwat. Tukunya ba kayanka ba ce, ita ce tafiyar. Wanda aka aika kai amarya yana rage mata ƙafa don mota ta yi sauƙi?

Ƙarfen nan ba irin na kwanon ofis ba ne. Kaurinsa ne ƙarfinsa. A sama ruwa kamar ƙanƙara yake, wutar itacen can kuma zafi gare ta, in gindin ya yi siriri ba zai ɗauka ba. Sannan a kogo ƙafafu ake gani. Kowace tukunya a kife take, ƙafa uku a sama, da su ake cewa wannan ta wane ce, wannan ta wane. Ta ubanka ƙafa ɗaya ta ɗan karkace, kowa a Bokwango ya san ta.

Ban faɗa wa kowa ba, ko Eposi. Na ba wa yaron mota kwakoko ƙunshi biyu don wannan ta isa da sauri. Ka sauka a gidana kwana biyu kafin ranar, in ga abin da ido zai gani. Ina roƙonka, kuma ka san roƙo ba halina ba ne.

Namondo

*

Bertoua
Watan Fabrairu

Iya Namondo,

Ina gaisuwa. Na iso gida lafiya, ƙafafuna ko kumburi ba su yi ba. Na tarar da wasiƙarki ta Disamba a kan teburina, ta iso bayan na tashi. Ko da ta zo da wuri ba ta da amfani, tun Oktoba mai walda ya gama aikinsa.

Ina so a rubuce yadda abin ya faru, don na san yadda ake juya magana a garin nan. Kin yi fushi da na kwana a otal a cikin gari na same ku a gindin dutse da safe. Ina bukatar barci mai kyau, ɗakinki kuma akuya ke kwana a ciki. Kin ga jakata kika yi ta kallona kamar na kashe mutum.

Wa ya fara isa kogo? Ni. Na wuce Kinge a cikin daji yana haki kamar kare, na ce masa, "Ko a yi maka fifita?" Babu wanda ya karɓa mini kaya. Na zauna a bakin kogo na jira ku har gumina ya bushe. Wannan ba wanda zai iya musunsa.

Sai na fito da tukunyar. Mola Tande ya juya ta, ya shafa gindin, ya ce, "Ɗana, ina sauranta?" Kinge ya fashe da dariya ya ce, "Mola, ai kwanon wanke hannu ya kawo mana!" Na ce a nuna mini inda al'ada ta ambaci ƙafa. Babu wanda ya iya. Tsohon ya ce, "To, dafa mu gani."

Na jera duwatsu uku, na ɗora, na zuba gwaza da nama da ruwan maɓuɓɓuga. Kinge ne ya hura wutar, kuma da gangan ya cika mata itace. Kin ji ƙarar da kunnenki. Ta tsage daga inda ƙafa ɗaya take har baki, ruwa ya kashe wutar, gwaza ta zube a toka. Wannan laifin wuta ne da laifin mai walda. Na sauko a lokacin ne don ba zan tsaya jahilai suna yi mini kallon raini ba.

Kuma kada ki manta, dokarki na bi. Wasiƙarki tana nan, da hannunki kika rubuta: kada ka ji tausayin komai, ko na wane ne. In akwai wanda ya yanke ƙafafun nan, ke ce kika miƙa wuƙar.

Ki gaya wa dattawa zan sayi sabuwar tukunya, wadda ta fi waccan girma, in sake hawa. Yanzu hawan ba komai ba ne a wurina. Na koma wurin mai walda neman guntayen, ya ce ya haɗa da tarkacen ƙarfe ya sayar tun kafin Kirsimeti.

Efome

*

Muea
Watan Maris

Zuwa ga Efome ɗan Ikome,

Gaisuwa. Na ji daɗi da ƙafafunka ba su kumbura ba. Gwiwata ta kumbura, amma ita ba ta yi karatu ba. Ka lura daga Muea nake rubutu.

Tunda kana son komai a rubuce, ga abin da ya faru bayan ka juya mana ƙeya. Mun tsince gwazar daga toka, muka gasa abin da ya gasu, kowa ya ci loma ɗaya don kada a ce an sauko daga wurin Ikome da yunwa. Ko Kinge ya daina dariya. Na roƙi Mola Tande a kife ta haka nan a gefe. Ya daɗe yana duban jerin tukwanen, ta kakanka, ta kakan kakanka, duk ƙafafu a sama. Ya ce, "Namondo, in na ajiye wannan, gobe yaro ya tambaye ni ta wace ce, in ce masa me?" Ni na naɗe ta a zanena na sauko da ita.

Na kai musu saƙonka na sabuwar tukunya. Mola Tande ya ce a tambaye ka ko a kasuwar Bertoua ana sayar da sabon uba. Bakin alƙalami ya bushe, gona ta Kinge ce. Mai otal ya riga ya kawo bulo. An ce za su zagaye kabarin uwarka da ɗan shinge, kusa da inda za a ajiye motoci.

Ka ce ni na miƙa wuƙa. Na ce ka yar da abin da ba shi da amfani, ban san a idonka har ubanka yana ciki ba. Ka ce ƙafafun sun caccake maka baya sau ɗaya, ka yi mako kana kwana rubda ciki. Kai ka wanke gawar Mola Ikome. Ba ka ga kanta uku a gadon bayansa ba, biyu a sama ɗaya a ƙasa ta ɗan karkace? Tun yana saurayi suke nan. Da naman da ya dafa a tukunyar nan, da wanda ya sauko da shi ya sayar, aka yi maka ilimin da ka auna ta da shi. Ka rage tumbi, ka rage buroshi, ka rage tawul, ka isa kogo kafin kowa, kuma ba ka kai komai ba. Garin gyaran gira ka tsone ido, sai dai idon nawa ne.

Kinge ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ban jira ba. Liengu ta ba ni ɗaki a bayan shagon mijinta, in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Akuya na sayar, turmi na bar wa Eposi, agaden ko nuna bai yi ba na baro shi. Na tsaya a tsakar ɗakina na yi wa kowane abu tambayar nan, kana tafasa ruwa, kana rufe jiki. Da ƙunshi ɗaya na fito. Ka gaya wa Baturenka ya sa ni a littafinsu.

Kada ka sake rubuto mini, ba ni da wurin ajiye takarda.

Ga tukunyar ubanka nan tare da wannan wasiƙa, tunda ba ta da wuri a kogo, ni ma ba ni da shi. Na tambayi direba nawa ne kuɗin kaya zuwa Bertoua. Ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya ce, "Iya, bar kuɗinki. Wannan ai ba kaya ba ne."

Namondo